Muhawara: Daga ina jami'o'in Amurka ke kwaso 'yan ƙwallonsu, kuma me ya sa Kudu ta fi kowa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu bin ƙwallon Amurka na jami'o'i ce, wato mai kwalkwali da sulken kafaɗa, ba tamaula ba. Daga kakar 2006 zuwa ta 2022 an ci kofin ƙasa sau 17, kuma 16 daga ciki kudu maso gabas suka tafi: Alabama shida, jami'ar Fulorida biyu, LSU (jami'ar jihar Luwiziyana) biyu, Clemson biyu, Jojiya biyu, Auburn ɗaya, Florida State ɗaya. Ohio State ce kaɗai ta ratsa a 2014. Sai ga shi kuma Mishigan ta ɗauka a 2023, Ohio State a 2024, Indiana a 2025, dukkansu Arewa. To yaran Arewa ne suka farfaɗo, ko kuwa 'yan Kudun ne ake kwasowa?

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kafin a amsa sai an raba taswira uku da mutane ke cakuɗawa: inda yaro ya tashi, inda ya gama sakandare, da jami'ar da yake buga wa. Ta farkon ba ta motsa sosai ba. Jihohi huɗu ne har yanzu suke gaba wajen yawa: Teksas, Fulorida, Jojiya, Kalifoniya. Amma in ka raba da yawan jama'a sai lissafin ya juye. Kalifoniya tana da mutum kusan miliyan 39, Jojiya wajen miliyan 11, duk da haka a 'yan shekarun nan Jojiya kan yi kankankan da ita ko ta wuce ta a yawan yaran da ake ba taurari huɗu da biyar. Luwiziyana ba ta kai miliyan 5 ba, Misisipi wajen miliyan 3 ce, amma su da Alabama da Jojiya ne kullum a saman jerin in ana maganar 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru, gwargwadon yawan jama'a. Taswira ta uku ce ta canza.

Maman Iman: Malam Mai Lissafi, a bayyana wa sababbi maganar taurarin nan, don kada a ɗauka hukuma ce ke bayarwa. Kamfanoni ne masu zaman kansu irin su 247Sports da Rivals da ESPN suke auna yaran sakandare. A ƙarshen kowace shekara 247Sports yara 32 kacal take ba taurari biyar, daidai da adadin waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL ke yi. Masu taurari huɗu 'yan ɗaruruwa ne. Sauran dubban duk uku ne zuwa ƙasa. A ƙasar da yara wajen miliyan ɗaya ke buga wasan a sakandare, kun ga kan kara ake magana.

Kuma ma'aunin yana da son kai na yanki. Yaron da ke wajen Atlanta ko Dallas, masu aunawa sun gan shi da idonsu sau da yawa a sansanonin gwaji. Wanda ke wani ƙauyen Montana sai dai bidiyo, kuma abokan karawarsa ƙanana ne, ba a san ko shi ne gwani ko su ne ragwaye ba. Har a cikin Kudun ma ana kuskure: Justin Jefferson ɗan Luwiziyana ne, da ƙyar aka kula da shi kafin LSU ta ɗauke shi.

Ɗan Damagaram: To ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wai yanayi ne, wai Kudu da zafi ana wasa duk shekara. Kudancin Kalifoniya ta fi Misisipi daɗin yanayi. In rana ce ke yin ɗan wasa, da Arizona ta cinye kowa.

Mai Lissafi: Gaskiyarka, yanayi ƙaramin dalili ne. Manyan su ne jama'a, da tsarin makaranta, da dokar jiha.

Ɗauki jama'a. Baƙaƙen fata su ne kusan rabin 'yan wasan babban matakin jami'o'i, kuma fiye da rabin baƙaƙen Amurka a Kudu suke zaune. Tsakanin 1910 da 1970 kusan miliyan 6 sun yi ƙaura zuwa Arewa da Yamma, amma tun daga shekarun 1970 ƙaurar ta juyo, kuma Atlanta da Houston da Dallas da Charlotte ne suka fi karɓa. A daidai wannan lokacin masana'antun ƙarfe na Ohayo da yammacin Fensilbaniya suka durƙushe. A 1977 aka rufe babbar masana'antar Youngstown, dubbai suka rasa aiki. Yankin Pittsburgh da ya fitar da manyan masu jefa ƙwallo irin Johnny Unitas da Joe Namath da Joe Montana da Dan Marino da Jim Kelly, garuruwansa sun bushe, an haɗe makarantu, yaran sun ragu. Jikokin waɗancan ma'aikata da yawa yanzu a Jojiya da Karolaina da Fulorida suke buga wasa.

Kawu Na-Gwandu: Ku yara kun tsallake abin da ya fi duka nauyi, wato wariyar launin fata. Kudu ta daɗe tana haifar 'yan wasan, jami'o'inta ne suka ƙi ɗaukarsu. Sai a 1967 baƙar fata na farko ya buga wasa a SEC, rukunin gasar manyan jami'o'in kudu maso gabas, wato Nate Northington na Kentucky. Alabama kuwa sai 1971. Kafin nan ina yaran suke zuwa? Ko dai jami'o'in baƙaƙe irin su Grambling ƙarƙashin Eddie Robinson da Jackson State da Florida A&M, ko su hau jirgin ƙasa su yi Arewa. Michigan State ta 1965 da 1966 ta koci Duffy Daugherty da 'yan Kudu aka gina ta: Bubba Smith daga Beaumont ta Teksas, George Webster daga Karolaina ta Kudu, Jimmy Raye daga Karolaina ta Arewa. Ranar da Alabama da Jojiya da LSU suka buɗe ƙofa, ranar Arewa ta rasa wannan rijiya, jami'o'in baƙaƙen ma suka rasa manyan yaransu. Saboda haka kwaso 'yan Kudu zuwa Arewa ba sabon abu ba ne, Baban Khalifa. Dawowa ya yi da wani dalili daban.

Maman Iman: Allah ya ja kwana, Kawu. Bari in ƙara a kan tsarin makaranta, don nan ne Teksas ta bambanta. A can kocin sakandare cikakken ma'aikacin makaranta ne, a manyan makarantu albashinsa kan wuce dala 100,000, yana da mataimaka goma ko fiye, kuma akwai darasin motsa jiki a cikin jadawalin karatu na kowace rana, wanda ake ɗaga ƙarfe da kallon bidiyon wasa a cikinsa duk shekara. Makarantar Allen da ke wajen Dallas ta buɗe filin wasa a 2012 mai kujeru 18,000 a kan kusan dala miliyan 60, kuɗin da mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a aka ranto. Nan Kyler Murray ya buga bai taɓa shan kashi ba a matsayin mai jefa ƙwallo na farko. Jojiya ma ta bi wannan hanya, musamman gundumar Gwinnett.

Sai dokar jiha. Teksas, Fulorida, Jojiya da Alabama sun yarda da atisayen bazara da cikakken sulke. Ohayo ba ta da irinsa. Amfaninsa biyu ne: yaro yana samun ƙarin makonni na horo kowace shekara, kuma lokacin ya zo daidai da watannin Afrilu da Mayu da kociyoyin jami'a ke da izinin zagaya makarantu. A Kudu suna tarar da yaro yana karo da ɗan'uwansa. A wasu jihohin Arewa sai dai su tarar da shi a ɗakin ɗaga ƙarfe.

Amma wannan ingancin yana da illa da masu zawarcin 'yan wasa suka sani. Yaron Teksas sau da yawa ya riga ya kusa ƙurewa, an gama goge shi tun yana shekara 17. Na ƙauyen Misisipi ko na Belle Glade da Pahokee, garuruwan rake na bakin tafkin Okeechobee da suka fitar da Fred Taylor da Anquan Boldin da Santonio Holmes, bai taɓa ganin ɗakin horo na kirki ba, don haka in ya shiga jami'a sai ya yi tsalle.

Sarkin Gardama: Ina da ja a kan lissafin Fulorida. Ana kumbura shi. Tun 2013 da IMG Academy ta Bradenton ta fara ƙungiyar ƙwallo, makarantar kwana ce da ke tattaro yara daga ko'ina, amma a jerin sunaye sai a rubuta su 'yan Fulorida. J.J. McCarthy da ya ci wa Mishigan kofi a 2023 ɗan wajen Chicago ne, shekara ɗaya ya yi a IMG a 2020. Kamar ka ƙirga albasar kasuwar Mile 12 ne ka ce a Legas aka noma ta. Haka Bishop Gorman a Las Vegas, da St. Frances a Baltimore, da Mater Dei da St. John Bosco da ke janyo yara daga duk faɗin kudancin Kalifoniya.

Mai Lissafi: Gyaran ya karɓu, kuma duk mai yin ƙidaya ya kamata ya cire IMG ya mayar da kowane yaro jiharsa. Amma ko an cire, gundumomi uku na kudancin Fulorida, Miami-Dade da Broward da Palm Beach, sun fi jihohi da dama a haɗe. Da yaran nan koci Howard Schnellenberger ya gina ƙungiyar jami'ar Miami bayan zuwansa a 1979: ya shata iyaka ya ce duk yaron da ke cikinta na Miami ne, ya ci kofi a 1983. Yau wannan katangar ta rushe. Lamar Jackson ya tafi Louisville, Teddy Bridgewater ma haka, Alabama ta kwashe Amari Cooper da Calvin Ridley da Jerry Jeudy, sai Jeremiah Smith, yaro na ɗaya a ajin 2024, ya tafi Ohio State.

Ɗan Damagaram: Akwai wani abu da ba a taɓo ba: kowane yanki da irin kayan da yake fitarwa. Masu cafke ƙwallo da masu tsaron baya, masu gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.4, ana samunsu a wurare da yawa, kudancin Fulorida dai ta fi yawa. Masu jefa ƙwallo sun fi fitowa daga unguwannin masu hali na Kalifoniya da Teksas da Jojiya, domin sana'ar tana cin kuɗi: koci na musamman, gasar bakwai-da-bakwai, tafiye-tafiyen sansani. Ƙattan da ke kare mai jefa ƙwallo, Wisconsin da Iowa sun iya ƙera su daga yaran gida, da yawansu 'yan kokawar sakandare irin Tristan Wirfs da Tyler Linderbaum. A ɗauko yaro mai tsawon mita 1.95 da kilo 115, a zaunar da shi shekara guda ba ya wasa, a ciyar da shi har ya kai kilo 140.

Abin da ba a iya ƙerawa shi ne ƙaton layin tsaro, mai kilo 135 zuwa 150 wanda kuma yake da zafin nama. Wannan kusan sai a Jojiya, Alabama, Misisipi, Luwiziyana, Karolaina da gabashin Teksas, sai kuma 'yan tsibiran Samowa da Tonga da ke Hawai da Utah da Kalifoniya. Ni a ganina wannan matsayi ɗaya shi ya ba SEC waɗancan kofunan, ba gudu ba. Duk wanda ya kalli tsaron Jojiya na 2021, da Jordan Davis da Jalen Carter da Travon Walker, ya san abin da nake nufi.

Baban Khalifa: To in haka ne, me ya hana kowace jami'a riƙe na gidanta? LSU ai ta riƙe.

Kawu Na-Gwandu: LSU sa'a ta yi, ita kaɗai ce babbar jami'ar ƙwallo a jiharta, kuma koci Nick Saban ya toshe ɓarakar tun da ya zo a 2000. Da ya koma Alabama kuma shi ya riƙa ɓalle katangar da ya gina: Landon Collins, Cam Robinson, DeVonta Smith ɗan Amite da ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2020. Jojiya kuwa yaranta sun fi ƙarfin jami'a ɗaya. Ko kocin jami'ar Jojiya Kirby Smart ya so, yara ashirin da 'yan kai yake ɗauka a shekara, kuma Auburn da Clemson da Tennessee da Alabama duk tafiyar 'yan awoyi ce a mota daga Atlanta. Deshaun Watson da Trevor Lawrence duk 'yan Jojiya ne, Clemson suka ci wa kofi.

Wadda ta fi ban tausayi Kalifoniya ce. A ajin 2020 kaɗai manyan masu jefa ƙwallo uku na kudancin jihar duk suka fice: Bryce Young ya warware alƙawarinsa da USC, jami'ar da ke Los Angeles, ya tafi Alabama, DJ Uiagalelei ya tafi Clemson, CJ Stroud ya tafi Ohio State. Wasannin Pac-12, rukunin jami'o'in Yamma, ana buga su da dare bayan gabashin ƙasar ya yi barci, kuɗin talabijin ya gaza, a 2024 rukunin ya watse.

Maman Iman: Kuma sauya rukuni kansa yana sauya taswirar zawarci, domin abin da koci ke faɗa wa uwa shi ne "za ki ga ɗanki yana wasa kusa da gida". Da Texas A&M ta shiga SEC a 2012, ƙofar Houston da Dallas ta buɗe wa Alabama da LSU. Da Maryland da Rutgers suka shiga Big Ten, rukunin manyan jami'o'in Arewa, a 2014, Ohio State da Penn State da Mishigan suka ƙara samun gindin zama a yankin Washington da New Jersey. Chase Young na Ohio State daga sakandaren DeMatha ta Maryland ya fito. Nebraska ce ta yi asara. Jiha ce mai mutum wajen miliyan 2, kofunanta na 1994, 1995 da 1997 da yaran gida a layi da baƙi a wuraren gudu ta ci su, Tommie Frazier ɗan Bradenton ne. Da aka kafa rukunin Big 12 a 1996, wanda ya haɗa ta da jami'o'in Teksas, aka ƙuntata ɗaukar yaran da makinsu bai cika ba, sannan a 2011 ta koma Big Ten ta daina zuwa Teksas wasa duk shekara. Ba ta dawo daidai ba har yau.

Sarkin Gardama: Duk wannan tarihi ne. Amsar tambayar Baban Khalifa kuɗi ne da sauya sheƙa. A 2018 aka buɗe rajistar masu son canza jami'a. A 2021 aka soke zaman jiran shekara ga mai canzawa karon farko, kuma daga 1 ga Yulin wannan shekarar ɗan wasa ya samu damar karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. A 2025 kotu ta amince jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye, aka maye gurbin iyakar tallafin karatu 85 da iyakar 'yan wasa 105. Ku duba Ohio State ta 2024: Will Howard daga Kansas State, Quinshon Judkins ɗan Alabama daga Ole Miss, Caleb Downs ɗan Jojiya daga Alabama, Jeremiah Smith ɗan Fulorida, Emeka Egbuka da JT Tuimoloau daga jihar Washington. Indiana kuwa koci Curt Cignetti ya zo da jerin yaransa daga jami'ar James Madison, mai jefa ƙwallonsa Fernando Mendoza ɗan Miami ne da ya biyo ta jami'ar Kalifoniya, kuma jami'ar Miami ya doke a wasan ƙarshe. Garin haihuwa ya daina aiki.

Mai Lissafi: Ka yi nisa, Sarki. Indiana ta karya wata ƙa'ida da ta daɗe tana aiki, wadda mai sharhi Bud Elliott ya shahara da ita, cewa ba a cin kofi sai fiye da rabin yaran da ka ɗauka a shekaru huɗu masu taurari huɗu da biyar ne. Wannan na yarda. Amma kaka ɗaya ce. Kuma dubi sunayen da ka lissafa da kanka: Alabama, Jojiya, Fulorida, Miami. Gonar tana nan inda take, mai saye ne ya canza. Ga mafi yawan yara, masu taurari uku, nisa har yanzu shi ne babban abu, domin ziyarar da jami'a ke biya ta kwana biyu ce sau ɗaya, sauran zuwa sansanin Yuni da kallon wasa duk daga aljihun iyaye ne, kuma ba kowa ke iya tuƙin awa goma ba.

Wanda ya ji jiki shi ne yaron sakandare na tsaka-tsaki. Koci da aikinsa ke rawa ya gwammace ɗan shekara 21 da ya buga wasa 25 a ƙaramar jami'a da ɗan 18 da sai an yi renonsa. Ƙananan jami'o'in kuma sun zama wurin kiwo: su gano yaro, su gyara shi, manya su saye. Sannan "tayi" ba takarda ba ce. Babbar jami'a kan yi wa yara ɗaruruwa tayin baka alhali gurbi wajen ashirin da biyar take da shi, kuma alƙawarin yaro ma baka ne har ranar sa hannu a Disamba. Yaro ya daina amsa kiran sauran, a makon ƙarshe a ce masa gurbin ya cika.

Ɗan Damagaram: Ina 'yan Afirka suke shiga a wannan taswira? Sunayen Najeriya sun cika jerin.

Maman Iman: Kashi biyu ne, yayana. Mafi yawa 'ya'yan baƙin haure ne da aka haifa ko suka tashi a can, musamman Houston, Dallas, Atlanta, Maryland da New Jersey, don haka a ƙidaya 'yan waɗancan jihohin ne. Emmanuel Ogbah a Legas aka haife shi, a wajen Houston ya tashi, ya tafi Oklahoma State. Kashi na biyu su ne waɗanda suka je don wani wasan aka karkato da su: Christian Okoye ɗan Enugu jifan faifai ya kai shi Azusa Pacific, Ezekiel Ansah ɗan Accra ya shiga jami'ar BYU bai san wasan ba aka ɗauke shi na biyar a zaɓen NFL na 2013, Prince Tega Wanogho ƙwallon kwando ya kai shi jihar Alabama ya ƙare a Auburn, David Ojabo ya biyo ta Sikotland da Blair Academy zuwa Mishigan. Kusan duk 'yan layi ne, domin a nan tsawo da tsawon hannu da zafin nama kan rufe rashin gogewa. Mai jefa ƙwallo ba ya farawa yana shekara 17. Irin wannan hanya ta musamman ce Ostireliya ta kama da masu dukan ƙwallo sama, ta makarantar Prokick da ke Melbourne.

Wurin da ake faɗuwa takardu ne. NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, tana son darussa 16 na tushe, ciki har da Turanci na shekara huɗu, lissafi uku, kimiyya biyu, da matsakaicin maki 2.3. An soke sharaɗin SAT a 2023, amma jami'ar kanta tana iya nema. Sakamakon WAEC kaɗai ba ya wadatarwa, ana neman rahoton makaranta na kowace shekara tun daga aji uku na ƙaramar sakandare.

Kawu Na-Gwandu: A ƙara da maganar biza, don dillalai ba sa faɗa wa iyaye. Ɗalibi mai bizar F-1 ba shi da izinin yin aikin talla a cikin Amurka, saboda haka kuɗin suna da hoto da abokin ɗakinsa ɗan Jojiya ke karɓa hankali kwance, shi zai iya jawo masa soke biza. Wasu sukan jira sai sun fita ƙasar lokacin hutu su yi tallar a waje. Kafin yaro ya sa hannu a kowace yarjejeniya, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar zai fara kai wa takardar, ba koci ba.